Babi na Bakwai: Titi Yana Nan, Shagon Ya Tashi

Allon da ke gaban direba yana haɗa abubuwa biyu waɗanda asalinsu daban-daban ne, kuma yawancin ruɗanin da ake shiga game da na'urar nuna hanya daga rashin raba su yake tasowa. Na farko shi ne kibiyar nan da ke cewa ga inda kake. Wannan daga sama take samun labarinta. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ma'aikatar tsaron Amurka ta fara harbawa a 1978, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000 daga doron ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa ba dare ba rana. Na'urar motar tana sauraren aƙalla huɗu daga cikinsu, ta yi lissafi, ta gano wurin da take. Iyakar abin da tauraro yake bayarwa ke nan. Bai san sunan titi ba, bai san ruwa ya cinye gada ba, bai san mai kemis ɗin bakin kwana ya kwashe kayansa tun bara ba.

Na biyu shi ne taswirar da ake ɗora kibiyar a kanta: titunan, sunayensu, da dubban alamomin gidajen mai, asibitoci, bankuna da wuraren cin abinci. Wannan aikin hannun mutane ne. Wasu ne suka tattara, wasu suka tantance, wasu suka zuba a faifai ko a katin memori, aka sa a mota. Daga ranar da aka rufe tattarawar, taswirar ta fara tsufa, kuma babu wani tauraro da zai sabunta ta.

Duk wanda ya taɓa zama a gaban motar da aka shigo da ita ta Kwatano ko ta Legas ya ga wannan rabuwa da idonsa. Motar tana tsakiyar Kano ko Maraɗi, na'urar tana jin taurarinta sarai, amma faifan da ke ƙarƙashin kujera ko cikin but na Amurka ne ko na Turai. Sai allon ya nuna kibiya tana yawo a fili fetal, ko ya tsaya cik a kan wata unguwar ƙasar da aka baro. Shi ya sa da yawa suke kai motar wurin mai gyaran lantarki a cire allon kamfani a sa na Android. Na'urar ba ta lalace ba. Taswirar wurin ce ba a ba ta ba.

Masu auna titi

Tun kafin GPS ya shigo hannun farar hula aka fara sana'ar nan. A 1981 kamfanin Honda ya fitar da wata na'ura a Japan wadda ake zura mata taswirar roba mai shara-shara a gaban allo. A 1985 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Etak ya fito da tasa, wadda take ajiye tituna a cikin kaset irin na rediyo, har babban birni guda yana cin kaset da yawa. Tana lura da juyin taya da alƙiblar kamfas, ta kwatanta da siffar titunan da ke cikin kaset, ta yi hasashen inda motar take. Ita kuwa kasuwar ta buɗe sosai ne bayan watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula. Kuskuren da yake kai mita 100 ya sauko zuwa abin da bai wuce mita goma zuwa ashirin ba, wato na'ura ta iya bambance wannan titi da na kusa da shi.

Kamfanoni biyu ne suka mamaye cinikin taswirar da ake zubawa a motoci: Navteq na Amurka da Tele Atlas mai tushe a Holan. Darajar abin da suka tara ta bayyana a 2008, sa'ad da Nokia ta kammala sayen Navteq a kan dala biliyan 8.1, TomTom kuma ya sayi Tele Atlas a kan kusan yuro biliyan 2.9. Daga baya Navteq ya koma HERE, kuma a 2015 kamfanonin motocin Jamus uku, Audi da BMW da Daimler, suka haɗa kuɗi suka saye shi don kada taswirar motocinsu ta faɗa hannun wani.

Yadda suke aikin titi abin a yaba ne. Mutum biyu a mota, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana rubuta abin da ya gani: layi nawa ne, ina aka hana juyawa, gudu nawa aka ƙayyade, lambobin gidaje daga ina suka fara zuwa ina, tsawon gada nawa don kada tirela ta maƙale. Gutsuren titi guda yana iya ɗaukar bayanai sama da ɗari. Yau kyamarori da na'urorin awo na laser sun karɓi mafi yawan aikin, ga hotunan sama, ga kuma sawun miliyoyin motoci da wayoyi da suke aiko da inda suka bi. Idan aka ga motoci ɗari suna ratsa wurin da taswira ta ce daji ne, an san an yi sabon titi. Idan aka ga duk sun daina shiga wani layi ta gabas, an san an mayar da shi hannu ɗaya. TomTom ya daɗe yana faɗa a tallansa cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na tituna suna samun wani canji kowace shekara. Maganar mai sayar da kaya ce, amma wanda ya san shataletalen Dangi ko mahaɗar Hotoro a Kano kafin a yi musu gadojin sama da na ƙasa, ko gadar Kawo a Kaduna kafin a sake ta, ba zai yi saurin musawa ba.

Matsalar tsohon tsari ita ce nisan da ke tsakanin ganin canji da isarsa gaban direba. Mai taswira yakan fitar da sabon kundinsa duk wata uku. Kamfanin da ya ƙera na'urar ya karɓa, ya juya shi zuwa tsarin da na'urarsa take ganewa, ya gwada. Kamfanin mota ya buga faifai, yawanci sau ɗaya a shekara, ya rarraba wa dillalansa. Faifan da aka rubuta wa sabuwar shekara a jiki yana ɗauke da abin da aka gani watanni masu yawa da suka wuce. A Amurka irin wannan faifai ko kati yakan ci tsakanin dala 100 zuwa 200, don haka masu motoci da yawa ba su taɓa saye ba, suna ta yawo da taswirar da motar ta fito da ita daga masana'anta. Bayan wasu shekaru kuma kamfanin yakan daina buga sabo ga tsohon samfuri gaba ɗaya. Masu na'urar da ake mannawa a gilashi, irin su Garmin, sun zo da alkawarin sabuntawa kyauta muddin rai, amma ran da suke nufi na na'urar ne gwargwadon yadda kamfanin ya ƙiyasta, ba na mai ita ba.

Inda abin ya fi rauni

Duk da haka, titi abu ne mai sauƙin bibiya idan aka kwatanta shi da shago. Titi yana da hukumar da ta ba da kwangilarsa, ana ganinsa daga sama, yana ɗaukar watanni kafin a gama, kuma in an gama yakan zauna shekaru. Shago ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hoton sama zai nuna maka rufin kwano, amma ba zai gaya maka ko tela ne a ƙarƙashinsa ko mai cajin waya ba. Motar mai taswira za ta iya karanta allon da ke saman ƙofa, amma allo yakan daɗe a rataye bayan mai shi ya tashi. Wanda ya sayi sabon faifai ya ga an sa masa sabuwar hanyar bayan gari, sannan ya nemi gidan abinci na'urar ta kai shi kango, yakan ɗauka an cuce shi. Abin da bai sani ba shi ne, titunan da jerin wuraren kasuwancin ba ta hanya ɗaya suka shigo faifan ba.

Jerin wuraren kasuwanci, a mafi yawan tarihin sana'ar, sayo shi ake yi daga dillalan bayanai. Ɗaya daga cikin manyansu ya samo asali a birnin Omaha na jihar Nebraska a 1972, inda wani ɗan asalin Indiya mai suna Vinod Gupta ya fara tara kundayen lambobin tarho na garuruwan Amurka yana tsamo sunayen 'yan kasuwa yana sayarwa. Kamfanin ya zama infoUSA, yau kuma ana kiransa Data Axle. Hanyar irin waɗannan kamfanoni ita ce su haɗa kundin tarho, rajistar kamfanoni, takardun lasisi da jerin rassan manyan kantuna, sannan su sa ma'aikata su riƙa buga waya suna tambaya: har yanzu kuna nan, adireshin bai canza ba? Aiki ne na gaske, amma zagaye guda yana ɗaukar lokaci mai tsawo, kasuwa kuma ba ta jira. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sababbin wuraren kasuwanci ba sa cika shekara, kusan rabi kuma ba sa kai shekara biyar. A ƙasar da komai yake a rubuce ke nan.

Akwai kuma kuskuren da yake shiga wajen mayar da adireshi ya zama ɗigo a taswira. Dillali ya ba da suna da lambar gida da sunan titi. Kwamfuta ta san cewa wannan gutsuren titi yana ɗauke da lamba 1 zuwa 99, sai ta ajiye lamba 50 a tsakiyarsa bisa zato. Idan gidajen ba girmansu ɗaya ba, ɗigon zai faɗa nesa da ƙofar. Idan adireshin da aka rubuta na ofishin mai kamfanin ne ko na akwatin gidan waya, ɗigon zai faɗa wata unguwa dabam. Idan an sami wurin a kundi biyu da ɗan bambancin rubutu, zai fito sau biyu, a gyara ɗaya a bar ɗaya. Irin wannan ne ya faru da garin Mildura na Ostareliya a Disamban 2012, 'yan watanni bayan Apple ya fitar da taswirarsa. A kundin sunayen wurare na ƙasar akwai sunan garin, akwai kuma sunan ƙaramar hukumar da garin yake ciki, wadda tsakiyarta ta faɗa cikin wani gandun daji mai nisan kusan kilomita 70. Taswirar ta ɗauki na biyun. Sai da 'yan sandan jihar Victoria suka yi ta ceto matafiya daga daji mai tsananin zafi da rashin ruwa, suka fito fili suka yi gargaɗi.

Amma babban dalilin da ya sa jerin kasuwanci yake cika da matattun sunaye ya fi wannan sauƙin ganewa. Duk wanda ya buɗe shago yana son a sani. Zai buga allo, ya raba kati, ya sa a Facebook, ya roƙi yaronsa ya sa shi a taswira. Wanda kasuwa ta karye masa kuwa ba ya shela. Yana fama da bashin haya da kunyar maƙwabta, ya kwashe kayansa da dare ko da sassafe, ba zai tuna da wani ɗigo a wayar mutane ba. Saboda haka labarin buɗewa yana isa wurin mai taswira da ƙafarsa, labarin rufewa kuwa sai an je an nemo shi. Kowane jeri da ba a bi shi da tsintsiya, ƙaruwa kawai yake yi, kuma yawan wuraren da ake taƙama da shi a talla, miliyan kaza da miliyan kaza, ba ya nuna nawa ne suke raye.

Manyan kamfanoni ma, waɗanda canjinsu yake fitowa a jarida, sukan daɗe da tsohon suna a taswira. A Najeriya bankin Skye ya koma Polaris a 2018, Diamond ya narke cikin Access a 2019, aka soke lasisin Heritage a Yunin 2024. Gidajen man Forte Oil sun koma ƙarƙashin Ardova, na Oando kuma NNPC ta saye su a 2022. Shoprite ya rufe reshensa na Ado Bayero Mall a Kano a farkon 2024. A watan Fabrairun 2024 hukumomin kula da magunguna suka rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Gari da kewaye, aka umarci masu su da su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a kan titin Zariya. A Yamai kuma, cikin Oktoban 2024, titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, wanda yake nufin adireshin duk wani ofishi da kanti da ke kansa ya canza a rana ɗaya ba tare da kowa ya motsa ba. Taswirar da aka rufe tattara ta kafin waɗannan, tambayarta daidai take da tambayar mutumin da ya bar gari shekara biyar: zai yi maka kwatance da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake yi ba, garin da ya sani ne ya wuce.

Da aka buɗe ƙofa ga kowa

Maganin da aka samo shi ne a bar jama'a su gyara da kansu. OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, taswira ce da 'yan sa-kai suke zanawa kyauta. TomTom ya ba masu na'urarsa damar aiko da gyara daga 2007. Waze, wanda Google ya saya a 2013 a kan kuɗin da ya kai kimanin dala biliyan ɗaya, direbobinsa ne idanunsa. Google Maps kuma ya ba mai shago damar mallakar shafinsa, ya ba kowane mai wucewa damar cewa wurin nan ya rufe ko ya koma can. Da Apple CarPlay da Android Auto suka shigo motoci daga 2014 zuwa 2015, sai taswirar waya ta hau allon mota, faifan shekara-shekara ya fara zama tarihi. Sababbin motoci ma yanzu suna jawo gyara ta intanet, yanki-yanki, ba sai an canza kundin duka ba.

Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma ban yarda da masu cewa jiya ta fi yau a wannan fanni ba. Gyaran da yake ɗaukar shekara yana iya isa cikin kwanaki. Sai dai ƙofar da mai gaskiya yake shiga, ita maƙaryaci yake bi. Tun a 2011 jaridar New York Times ta ba da labarin shagunan da suke buɗe suna ciniki, amma taswira ta ce sun rufe har abada, saboda wasu sun danna hakan, ko da gangan ko da ganganci. Wani tsohon gidan abinci a jihar Virginia mai suna Serbian Crown, wanda ya kusa shekara arba'in yana aiki, ya rufe a 2013. Mai shi, dattijo ne da ba ya hulɗa da intanet, ya kai Google ƙara yana cewa shafin wurin ya nuna ba a buɗewa Asabar da Lahadi da Litinin, alhali ƙarshen mako ne cinikinsa, kuma bai gano ba sai bayan baƙi sun ɗauke ƙafa. Ko wane ne ya yi canjin, darasin a bayyane yake: shafin ya wanzu ko mai wurin ya sani ko bai sani ba, kuma wanda bai kula da nasa ba, wani zai rubuta masa.

Akwai kuma masu ƙirƙiro wurin da babu shi. A Amurka masu damfara da sunan gyaran makulli suka ƙware a wannan. Sukan cika taswira da shagunan bogi a kowace unguwa, duk lambobin suna komawa wurin amsa waya guda. Wanda ya kulle kansa a waje da tsakar dare ya kira mafi kusa, a faɗa masa kuɗi kaɗan, mai zuwa ya fasa makullin ya nemi ninkin-ba-ninki. A 2014 wani masanin tsaron kwamfuta, Bryan Seely, ya sa lambobin bogi a taswira da sunan ofisoshin FBI da na hukumar tsaron shugaban ƙasa, mutane suka kira, ya naɗi maganarsu, sannan ya kai kansa ya nuna wa hukuma ɓarakar. A Yunin 2019 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito ƙiyasin masana cewa wuraren bogi a Google Maps sun kai kimanin miliyan 11. Google ya amsa da cewa ya goge sama da miliyan 3 a 2018. Ko da adadin kamfanin kaɗai aka ɗauka, ya isa ya sa mutum ya yi hattara da lambar da ya tsinta a taswira, balle a ce masa ya fara turo kuɗi kafin ya ga kaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda mutane suka faɗa ba a ji ba. A garin Hickory na jihar North Carolina, wata ƙaramar gada ta rushe a 2013. A ƙarshen Satumban 2022 wani magidanci yana dawowa gida da dare cikin ruwan sama ya faɗa ramin da motarsa ya rasu. Iyalinsa sun shigar da ƙara a 2023 a kan Google da kuma masu mallakar hanyar da ba su sa shinge ba, suna cewa taswirar ce ta bi da shi ta nan, kuma mazauna wurin sun aika da ƙorafi tun shekaru kafin haɗarin ba a gyara ba. A Nuwamban 2024 mutum uku suka rasu a jihar Uttar Pradesh ta Indiya bayan motarsu ta faɗo daga gadar da ba ta kai ɗaya gaɓar kogin Ramganga ba. Hukumar da ta bar gada ba shinge tana da nata alhakin, babba ma. Amma kamfanin da ya roƙi jama'a su zama idanunsa ya ɗauki nauyin sauraren su, kuma rahoton rushewar gada bai kamata ya shiga layi ɗaya da rahoton canjin lokacin buɗe gidan shayi ba.

A wurarenmu

Duk tsarin da aka bayyana a sama an gina shi ne a kan adireshi: lambar gida, sunan titi, da ma'aikacin gidan waya da yake kai wasiƙa har ƙofa. Shekaru da yawa babbar hanyar da Google yake tabbatar da mai shago ita ce ya aika masa da kati ta gidan waya ɗauke da lambar sirri. A unguwar da kwatancenta shi ne bayan masallacin Juma'a, layin mai faci, gida na uku mai jan ƙofa, wannan kati ba zai iso ba. An ƙaro hanyoyin waya da na ɗaukar bidiyon wurin, an kuma gwada ba kowane taku na ƙasa lambarsa: Google da Plus Codes, Gana da GhanaPostGPS a 2017, hukumar gidan wayar Najeriya kuma ta ƙulla yarjejeniya da what3words a 2017 ɗin. Har yanzu dai bakin mutane bai kama su ba; ɗan adaidaita sahu sunan kwana da na masallaci ya sani.

Sannan mafi yawan cinikinmu ba ya cikin kowane kundi. Mai nama yana fitowa bayan la'asar, mai shayi da asuba da dare, kasuwar ƙauye sau ɗaya a mako, bakanike kuma yana ƙarƙashin bishiyar da ya zaɓa har ranar da aka tashe shi. A Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi, ɗigo guda a taswira yana rufe da rumfuna da yawa. Babu dillalin bayanai a wata ƙasa da zai iya tantance wannan da buga waya.

Amma an taɓa nuna cewa ana iya yin taswira mai inganci a nan idan an ɗauki abin da muhimmanci. Daga wajajen 2012, masu yaƙi da cutar shan-inna a arewacin Najeriya suka gano cewa taswirorin hannu da ma'aikatan rigakafi suke bi sun bar ƙauyuka da rugage da dama a waje. Aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka fitar da kowane matsuguni, aka tura mutane suka je suka tambayo sunansa, aka ba ma'aikata wayoyin da suke nuna inda suka taka, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin masu gudanar da aikin. Hoton sama ya nuna akwai gidaje. Sunan wurin da abin da ke cikinsa kuwa sai da ɗan ƙasa ya je ya tsaya a ƙofa. A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, kuma waɗannan taswirori suna cikin abin da ya taimaka.

Abin da ya kamata direba ya yi

Ga wanda motarsa take da taswirar ƙasar da yake ciki kuma yana yawan doguwar tafiya, sabuntawa tana da amfani saboda tituna. Kafin ya biya, ya shiga saitin na'urar ya duba lambar taswirar da yake da ita, ya kuma tambayi mai sayarwa watan da aka rufe tattara sabuwar, domin shekarar da aka buga a jikin kwali ba ita ce shekarun bayanan ba. A ganina wajibi ne kamfanoni su riƙa rubuta wannan kwanan wata a fili, su kuma nuna a jikin kowane wurin kasuwanci ranar ƙarshe da aka tabbatar yana nan. Suna da bayanin a kundinsu. Ɓoye shi yana sa tsohon labari da sabo su fito da kama ɗaya a kan allo, kuma wannan zalunci ne ga mai tafiya da mara lafiya a bayan mota ko wanda mansa ya kusa ƙarewa. Wanda kuwa yake son saye don ya sami shaguna na yanzu, kada ya ɓata kuɗinsa. Taswirar waya ta fi faifai kusa da yau, ita ma a duba ranar sharhi ko hoto na ƙarshe da aka sa, a kira lambar kafin a tashi, musamman in asibiti ne ko kemis ko gidan mai a hanyar da ba a sani ba. Idan allo da ido suka saɓa, a bi ido, a tsaya a tambayi mutanen wurin.

Kai kuma mai shago, mai asibiti, mai makaranta ko mai gidan mai, ka nemi sunan wurinka a taswirar wayarka ka ga abin da aka rubuta a kanka. Ka mallaki shafin, ka ja ɗigon ya zo daidai ƙofarka, ka sa lambar da ake samunka da lokutan da kake buɗewa, har da na azumi da na Juma'a idan sun bambanta. In maƙwabcinka dattijo ne da bai iya ba, ka zauna ka yi masa. Ranar da za ka tashi daga wurin kuma, ka shiga ka rubuta cewa ka tashi da inda ka koma, kafin ka miƙa wa mai gida makullinsa.